Na ɗauka zobo ne

Da na ga bijimina yana fitsari ja, wallahi dariya na yi. Zobo nake sayarwa a Ƙofar Kuyambana, in na tace, shi nake zuba wa ragowar.

Kwana uku ina cewa zobon ne. Sai da ya daina cin dusa na kira likitan dabbobi. Ya ɗaga jelarsa, ga kaska cike da wurin.

"Hajiya, wannan jini ne. Kaskar nan ce ta sa masa ciwo."

"To, a yi masa allura mana."

"Da shekaranjiya kika kira ni."

Kafin la'asar aka sa masa wuƙa. Shekara biyu ina kiwonsa da hannuna.

Yau na dafa zobo, na kasa kallon tukunyar. Masu kiwo, ni kaɗai na taɓa yin wannan wautar?