Adashin Ambaton Suna

Warin nake fara tunawa kafin fuskokin mutanen. Mijina yana koyar da kemistiri a wata kwaleji a Mubi, zamanin muna jihar Gongola, kuma duk ranar da ya wuni a ɗakin gwaje-gwaje, warin rigarsa ne ke riga shi shigowa gida. Wani irin wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar ayaba ta ruɓe a cikin gwangwanin fenti. Na hana a haɗa wankinsa da na yara. Bahonsa daban, igiyar shanyarsa daban. Ni kuma ina koyarwa a firamare a Wuro Patuji, ina dawowa da garin alli har cikin kunne, don haka ba ni da bakin yi masa gori. Amma ina yi.

Shi ɗan Kwaja ne. A gidansu, in an cika rumbu da wake, akan cusa ganyen wani ɗan itace na kan dutse a tsakani, ƙwari ba sa kusantarsa. Abin da ke cikin ganyen nan mai korar ƙwari shi ne ya hana mijina sakat. Ba tatsowa daga ganyen yake son yi ba. So yake ya gina abin da hannunsa tun daga tushe, daga sinadaran da ke cikin kwalabe, ya haɗa wannan da wancan ya dafa, ya tace, abin da ya fito ya sake haɗa shi da wani, har ya iso ga irin wanda Allah ya sa a cikin ganyen.

Na taɓa ce masa, "Baban yara, ganyen nan fa yana nan a kan dutse, ba wanda ya sa masa kwaɗo. Me ya sa ba za ka je ka tsinko ba?"

Ya ce, "Da rani ina ganyen? Kuma mutumin da ba shi da dutse a bayan gida fa?"

Gaskiyarsa kuwa.

Wahalar da ya sha kuwa, ni shaida ce. Famfon kwaleji ya fi wata bai ɗigo ba, shi kuma tukunyar gilashinsa sai da ruwan sanyi yana zagaya wuyanta. Sai ya ɗaura jarkoki a bayan babur ya gangara mayo, wato rafi. Ƙanƙara kuma wajen mai sayar da lemo na bakin tasha yake roƙo. Yana tsakiyar dahuwa a ɗauke wuta, aikin mako guda ya koma baƙin kwalta a gindin kwalba, ya dawo gida ko tuwo ba ya iya ci. Haka muka yi shekaru. Rannan da yamma sai ga shi da wata 'yar kwalba, yana riƙe da ita kamar jariri sabon haihuwa. A ƙasanta wasu fararen ƙwayoyi ne sirara kamar allurai, ko ƙaramin cokali ba za su cika ba. Na ce wannan ai gishiri ne. Ya yi dariya har da hawaye.

To, a nan matsalar take. Babu yadda za a yi a Mubi a tabbatar cewa abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da yake nema. Na'urar da ke leƙa cikin sinadari ta faɗi yadda aka gina shi tana can wata babbar jami'a a kudu. Kwalejinmu kuwa mutum ɗaya take turawa karatun digirin dakta a shekara, da albashinsa. Wannan gurbin shi ne kaɗai abin da mijina yake so a duniya: ya je ya sa kwalbarsa a gaban na'urar nan, ya ji ko shekarunsa sun tafi a banza.

Kwamiti ne ke zaɓen wanda zai tafi, kuma a shekarun nan suka shigo da sabon ma'auni. Kowace maƙalar bincike, a shafinta na ƙarshe, marubuci yakan jera sunayen waɗanda ya dogara da aikinsu. Kwamiti ya ce daga yanzu abin da za a ƙirga ke nan: sau nawa wasu suka ambaci maƙalarka a nasu shafin ƙarshe. Da mijina ya yi mini bayani na ce ai wannan daidai ne, mai aikin kirki shi za a riƙa ambata. Kaico, ban san mutanenmu ba.

Kwalejin tana da mujallarta, wadda ake bugawa a cikin gari, kuma kwamiti ya yarda a ƙirga da ita. Kafin ka ce me, malamai sun mayar da abin adashe. Ka sa sunana a maƙalarka, in sa naka a tawa. Wannan fitowar kowa ya zuba wa wane, fitowa ta gaba a zuba wa wane. Mu mata da muke adashen kwanuka a unguwa mun fi su mutunci, don mu aƙalla kwanon gaske muke ɗauka.

Uban adashen shi ne shugaban kwamitin, wani malamin labarin ƙasa mai tumbi da hular gashi ko ana zafin da ke narka kwalta. Maƙala ɗaya tak ya taɓa rubutawa, a kan yadda ruwan teku ke hawa yana cin gaɓar kudancin ƙasar nan. Mu matan malamai muka sa masa suna Mai Teku. Ni ban musa cewa teku yana hawa ba. Mijina ya ce akwai masana na gaske da ke kafa ma'auni a bakin ruwa su yi shekara da shekaru suna dubawa. Amma wannan bawan Allah, matarsa da bakinta ta gaya mana a taron zumuntar mata cewa ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne Binuwai, a gadar Yola, kuma ko nan rufe ido yake yi in mota ta hau. Daga littattafan laburare ya kwaso komai. Duk da haka, buɗe kowace fitowar mujallar ka duba shafukan ƙarshe. Mai rubutu a kan abincin kaji ya ambaci teku. Mai rubutu a kan koyar da buga tafireta ya ambaci teku. Mu da muke zaune a gindin duwatsu, rijiyarmu na ƙafewa tun kafin Ista, teku ya cinye mana kwaleji.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada sai ga Mai Teku a gidanmu. Na kawo masa kunun gyaɗa, ya shanye, ya miƙo kofin a ƙara. Sannan ya dubi mijina.

"Ƙanena, na ji maƙalarka ta kusa. Madalla. Sai dai an ce shafinka na ƙarshe duk Turawa ne da Indiyawa. Mu 'yan gida ba mu yi komai ba ke nan?"

Mijina ya ce, "Oga, ai waɗanda na bi hanyarsu wajen haɗin ne na sa. Aikinka a kan teku ne, nawa a kan ƙwarin wake."

"Ilimi ai duk ɗaya ne," in ji shi, yana share gemu. "Kai dai ka nemo inda suka haɗu. Mu ma sai mu nemo inda muka haɗu da kai." Ya juyo gare ni. "Madam, ki yi masa magana. Taurin kai ba ya kai mutum kudu."

Na ce, "Oga, ni ƙananan yara nake koyarwa. In yaro ya kwafi sunan wani ya sa a takardarsa, kunne nake ja."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya tashi. Da ya fita na ɗauki kofin da ya sha na wanke shi da toka, na sake wankewa.

A shekarar nan mijina ya ƙi, kuma Allah ya sani na ji daɗinsa kamar in goya shi. Gurbin ya tafi ga mai abincin kaji. Muka haɗiye.

Sai kwalbar ta fara canza launi. Fararen alluran nan suka soma yin ɗorawa-ɗorawa daga gefe. Ya naɗe ta da baƙin ƙyalle, ya sa ta cikin tulu don sanyi, duk da haka kullum ya duba sai ya ga ta ƙara. Ya ce mini abin lalacewa yake yi a hankali, kuma sinadaran da ya fara da su sun ƙare, ga shi lokacin tsuke bakin aljihu ne, ba a ƙara sayo wa kwaleji ko kwalba ɗaya ba. In wannan ya lalace kafin ya kai shi gaban na'ura, shi ke nan.

Ran wata Asabar ina tsince shinkafa a tsakar gida ya fito da takardu a hannu, ya tsaya a kaina. Bai dube ni ba. Ya ce in saurari wata jimla da ya ƙara a farkon maƙalar, ya karanta da Turanci, sannan ya juya mini ita da Hausa ko da yake na ji sarai. Wai kamar yadda hawan teku ke barazana ga abincin mutanen gaɓa, haka ƙwari ke barazana ga waken mutanen tudu. A ƙarshen jimlar ga sunan Mai Teku. Bayan ita akwai wata a kan kaji, akwai wata a kan tafireta.

Na ajiye faifan. Na ce, "Tir. Wallahi warin rigarka ya fi wannan daɗin ji."

Ya ce, "Jimla uku ce kawai, Maman yara. Sauran duk aikina ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. In na je na dawo, wa zai tuna?"

Na ɗauki faifan na ci gaba da tsince shinkafata. Tausayinsa nake ji, ina kuma jin ƙyamar abin.

Adashe ya zagayo kansa. Fitowar mujalla ta gaba, kowa ya ambace shi. Har mai koyar da lissafin kuɗi ya gano cewa aikinsa ya dogara da maganin ƙwarin wake. Kwamiti ya zauna, ya ƙirga, aka ba mijina gurbin. Saura kawai ya je jami'ar su gana da shi su karɓe shi, abin da kowa ya ce al'ada ce kawai. Ya sa kwalbar cikin safa, ya sa safar cikin aljihun ƙirji, na raka shi tasha ya hau motar Yola.

Ko mako bai cika ba, na dawo daga makaranta da azahar na tarar da shi zaune a kan turmi a tsakar gida, jakarsa a gefe ko buɗe ta bai yi ba. Na ce lafiya? Ya ce in zauna.

Wani tsohon farfesa ne ya gana da shi. Ya ce mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya ɗauki maƙalar, sai ya fara ta daga shafin ƙarshe, wai haka yake karanta kowace maƙala. Ya bi sunayen da yatsa. Ya tsaya. Ya ɗago ya tambaye shi me hawan teku ya ƙara wa haɗin sinadarinsa, a wane mataki ya yi amfani da shi. Mijina ya fara kame-kame. Tsohon ya tambayi na kajin. Ya tambayi na tafiretan. Sannan ya rufe takardar a hankali ya ce masa, in shafin da kowa zai iya bincikawa haka yake, da wane dalili zai yarda da shafukan tsakiya, waɗanda ba wanda ya gani sai mai su?

Na ce, "Kwalbar fa? Ka nuna masa kwalbar?"

Ya ce, "Hannuna yana kanta. Bai tambaya ba, ni kuma kunya ta hana ni fito da ita. Ɗakin na'urar yana kallon ofishinsa. Na ga ƙofar."

Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa. Na kuma ɗauka cewa in labari ya isa kwaleji za a yi abin kunya, a rushe adashen, wani ma ya rasa kujerarsa. Ina! Mai Teku cewa ya yi 'yan kudu ne da baƙin cikinsu, ba sa son ɗan arewa ya ci gaba. Kowa ya gyaɗa kai. Ƙirgen kuwa yana nan daram a fayil, ba wanda ya goge shi, kuma a duk sashen kimiyya ba mai yawan na mijina. Da lokacin ƙarin girma ya zo, shi aka fara ba wa. Aka kuma sa shi cikin masu tace maƙalun mujallar.

A gidanmu aka yi walimar. Ni na dafa shinkafar, ni na soya naman akuyar, ina juya cokali ina jan tsaki. Mai Teku ya miƙe da kwalbar lemo a hannu ya yi jawabi a kan haɗin kai tsakanin masana. Mai kaji ya yi addu'a. Ina leƙowa daga kicin na ga mijina yana tafi tare da su, yana dariya a inda ake dariya. Sabuwar riga ce a jikinsa, tana ƙamshin turare. Rabonsa da ɗakin gwaje-gwaje tun dawowarsa daga kudu.

Da baƙi suka watse, rana ba ta faɗi ba tukuna, muna tattara kujerun da muka aro daga majami'a. Na ce masa, "Baban yara, yanzu da ka zama babba, ai kana da bakin da za ka sa a sayo sinadaran. Ka sake haɗa irin na kwalbar nan, ka rubuta maƙala ta gaskiya, ka aika wa tsohon nan. Ni zan riƙa ɗebo maka ruwan."

Ya ɗora kujera a kan kujera, ya daidaita ƙafafunsu, ya daɗe yana daidaitawa.

Ya ce, "Shekara nawa zai ci? Kuma in na gama, wa zai ƙirga shi?"

Na tsaya ina kallonsa ko zai yi dariya ya ce wasa yake yi. Bai yi ba. Ya ce in ajiye ragowar naman a kwano mai murfi, gobe zai kai wa Oga ofis.