Jar Fitilar Kawu

Kawuna mai gyaran rediyo ne, irin wanda in ka kai masa rediyo yana kama tasha uku za ka karɓo shi yana kama biyu, ya haɗa maka da ragowar sukurori a leda. Amma inda ya fi ƙwarewa shi ne cewa "uhm". Da "uhm" ɗin nan ya zauna da matarsa, Inna, har suka aurar da 'ya'ya. Tana zuba labari, shi kansa na sunkuye yana narka dalma.

Sai babbar 'yarsu ta aiko musu da na'urar nan da ake kira ta amsa, ta faɗi lokaci, ta karanto labarai. Inna ta raɗa mata suna Magulmaciya, ta kuma rantse ba ta ƙara buɗe baki a falo, tunda ba ta san sa'ad da abar take kasa kunne ba.

Da farko Kawu har ƙiba ya yi. Daga baya shirun ya fara cin sa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon a bar shi ya ji da aikinsa, sai ga shi yana tari da gangan ko za a ce masa sannu. Wallahi ya ba ni tausayi, ko da yake na yi dariya tukuna.

Ya samo gwangwanin madara ya huda, ya ciro ƙananan fitilu biyu daga wani mataccen talabijin ya cusa su a hudojin, ya farke bayan Magulmaciya ya jona wayoyi. Ya ƙone yatsa, ya ƙone gefen labule, amma abin mamaki, aikin ya yi. In na'urar tana saurare ja ta kama, in ba ta saurare kore.

"Hajiya, ga shi nan," ya ce yana bugun ƙirji. "In kin ga kore, yi maganarki son ranki, ba mai jin ki."

Inna ta daɗe tana kallon gwangwanin. "Ai Malam, da koren na saba," in ji ta. "Jar ce ban taɓa gani ba."

Tun daga ranar, sai ta ja kujera gaban Magulmaciya, ta kira ta, ta jira ja ta kama, sannan ta ba ta labarin ciwon gwiwarta da na jikanta da ya fara haƙori. Kawu yana gefe da filaya a hannu, ba mai waiwayarsa.

Da na je gaishe su ranar nan, na tarar ya ajiye kayan aiki, ya juyo da kujerarsa yana fuskantar Inna. A aljihun gaban rigarsa ya saka batir da 'yar fitila ja, a kunne. Inna ta yi kamar ba ta gani ba. Can ta gyara ɗankwali, ta ce, "To, Malam, gwiwar nan dai..."

Bai ce "uhm" ba. Ya ce, "Wacce, ta dama ko ta hagu?"