Littattafai Uku a Gefen Gadon Baba

Na yi aure har na haifi biyu kafin in san yadda ake rubuta sunana. A ajin yaƙi da jahilci na garinmu na koya, ina goye da yarinya. Da muka zo New York muka sami gida a unguwar Morrisania, sai na sake komawa aji don Turanci. Na iya karatu, amma irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa: da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi. Wata shekara aka tura ni wurin wani dattijo Bature a arewacin unguwar Harlem, wanda idonsa ya mutu, haske da inuwa kawai yake gani. Aikin ya kwanta mini a rai, don na safe ne, ƙarfe biyu nake tashi, in isa ƙofar makarantar yarana kafin a sallame su. 'Yarsa, wata lauya mai magana da sauri, ta ce gwajin wata ɗaya za a yi mini, kuma ta kafa sharuɗɗa biyu: in riƙa yi masa karatu, kuma kada in gusar da ko cokali daga inda ya ajiye shi, tunda da hannu yake gane gidansa. Na ce to, ina tsoron sharaɗin farko. Na biyun ko tunaninsa ban yi ba.

Baba nake ce masa, shi kuma ya laƙa mini Kyaftin. A ƙasar Ayalan ya tashi, ya buga ƙwallon rugby da ƙuruciya, har kunnensa ɗaya ya murɗe kamar ƙosan da ya daɗe a mai. Littattafai uku ne jere a kan teburin gefen gadonsa, wani bisa wani. Kullum idan ya gama shan shayi sai ya ce, "Kyaftin, ɗauki na sama."

Na saman shi ne na rugby, ƙato mai hotuna. A nan na ga ƙwallo mai siffar gwanda, da ƙarti sun haɗa kawuna kamar raguna a kan kwamin dusa. Na karanta inda aka ce ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo ta gaba, sai ta baya, na tsaya na sake karantawa.

"Baba, ko na yi kuskure ne? Gaba ake son zuwa, amma baya ake jefawa?"

"Haka yake. Kai ka ruga gaba, ka miƙa wa na bayanka."

"Ashe haihuwa ce," na ce. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na tsakiya bayani ne kan tunanin masu hikimar ƙasar Sin na dā. Bayan abincin rana yake son shi. Kalmominsa sun ba ni wuya, amma idan ya warware mini sai in ga kamar kakata ce ke magana: kada ka yi kokawa da abin da zai zo da kansa, ka girmama na gaba da kai. Na ce masa mu ma muna cewa sannu ba ta hana zuwa. Ya ce ai ya lura, tun shafin jiya muke hanya.

A mako na biyu ya nemi na ƙasa. Na zaro shi, siriri ne, da shatin gindin kofin shayi a bangonsa. Ashe littafin ibadar Kirista ne, kan yin shiru da addu'a da haƙuri. Na buɗe, sai ga sunan Ubangiji a kusan kowane shafi. Ba addinina ba ne, amma a gidanmu ko guntun takarda aka gani a ƙasa da sunan Allah, ɗagawa ake yi a soka a katanga. Ga shi nan an danne shi da hotunan ƙarti masu gajeren wando.

Washegari yana banɗaki ina goge tebur, hannuna ya yi abin da ya saba. Na ɗora na ibada a sama, na masu hikima a tsakiya tunda dattawa ne, 'yan ƙwallo a ƙasa. Ya ce ɗauki na sama, na ɗauka na karanta. Ya saurara har na gama. Kashegari na tarar na rugby ya koma sama, na sake gyarawa. Haka muka yi ta yi kwana goma sha, ni ina ganin mai kula da shi da yamma ne bai san ladabi ba, ban kawo cewa shi da kansa ne ba.

Na ba maigidana labari, ya ce, "Ke dai ki yi a hankali. An ɗauke ki karatu, kin koma limamiyar littattafai."

Ranar cikar wata 'yarsa ta zo da safe. Ta zauna ta saurari karatuna, tana duban yatsana yana rarrafe a kan layi, tana duban agogo. Sannan ta ja ni kicin ta rage murya.

"Madam, ina jin tsoro mantuwa ta fara kama mahaifina. Ya rantse kullum da yamma yana ajiye littafin ƙwallonsa a sama, da safe ya tarar da wani. Na riga na nemi ganin likita. Ko kin lura da wani abu?"

Da na ce ban lura ba, da ba mai sani. Na tuna ƙarfe biyu da ƙofar makaranta. Na kuma tuna za a kai bawan Allah a yi ta gwada kansa a kan abin da hannuna ya yi. Na ce mata mu koma ɗakin, a gabansa zan faɗa.

"Baba, ni ce. Ni nake mayar da na ibada sama. A wurinmu ba a ɗora komai a kan sunan Allah. Ka yafe mini."

'Yar ta buɗe baki, "Amma na gaya miki tun ranar farko..."

Dariyarsa ce ta katse ta. Ya buga cinya, hawaye na zuba. "Kyaftin! Ni nan na ɗauka daga sama ake yi mini ishara in shirya kayana! Mako biyu ke nan ban yi ashar ba. Har ƙanena na buga wa waya muka shirya, bayan shekaru ba ma ga maciji!"

'Yar ta zauna a bakin gado, ita ma abin ya fi ƙarfinta. Duk da haka ta ce, "Daddy, akwai masu karatu da sauri fiye da haka."

"Ke ma kin iya da sauri, shi ya sa ba na jin komai. Wannan tana ajiye mini kalma in tauna kafin ta kawo ta gaba. A bar mini ita."

A satin aka kafa wata 'yar kanta a bango, daidai inda hannunsa zai kai idan ya miƙa. Littafin ibada ya hau can shi kaɗai. Na rugby ya koma saman tebur, ya danne masu hikimar Sin. Na ce wannan ma bai yi mini daɗi ba. Baba ya ce in ƙyale su, ai su ne suka ce kada a yi kokawa.

Shekara uku na yi a gidan. Littattafan nan uku mun sauke su, na rugby har sau biyu, kuma ban taɓa makara a ƙofar makaranta ba.