Ɗakin Hatsin da Na Iske Wayam

Ƙonni zuwa Malbaza

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba. Inna ta ware buhu goma na geron gonar marigayi Baba, sadaka gare shi, kuma 'yan'uwa suna son a ba wata ƙungiya mai bankin cimaka, wato ɗakunan ajiyar hatsi, a ƙauyuka. Ni aka aika in dubo ko aikinsu na gaskiya ne, wai don na yi jami'a. Tsorona kada in ce a bayar, sadakar Baba ta ƙare a kasuwa.

Bakwai saura muka shiga Malbaza, muna bin bayan manyan motocin siminti. A buron ƙungiyar, wato ofishinsu, an nuna mini hotuna. Sun yi kyau, amma ban natsu ba. Na zaɓi ƙauye ɗaya da kaina.

Badaguishiri

Na koma Tsarnawa na hau motar Tawa. Jandarma sun tsayar da mu sau ɗaya. Sha ɗaya da kwata na sauka, na sha fura, na hau kabu-kabu. Kusan kilomita tara, in ban yi kuskure ba.

"Malam, sassauta riƙon, ka matse mini haƙarƙari," in ji mai babur.

Ƙauyen

Wata tsohuwa, Iya Hajo, ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin hatsin. Ta buɗe ɗakin: ko ƙwaya babu. Na juya gare ta.

"Iya, gafarta mini, ina hatsin?"

"Ɗana, wane wata muke ciki?"

"Agusta."

"To! Damina ta yi tsakiya, rumbuna sun ƙare, ka zo neman hatsi a kulle? In ka iske shi cike yanzu, kira mana jandarma. An raba wa gidaje rance, sai kaka yake dawowa."

Duk da haka na roƙi in shiga gidaje, waɗanda na nuna da kaina. Gida huɗu na shiga, uku ana daka. A na huɗun matar ta ce rabonsu ya ƙare shekaranjiya, amma bana maigidanta bai tafi ƙwadago gonar wani ba, tasa ya nome har maimai.

Komawa

Na iso Ƙonni ana kiran magariba. Na fara yi wa Inna bayani, cewa ƙauye ɗaya kawai na gani, ba zan rantse kan sauran ba.

"Sun ci ko ba su ci ba?"

"Sun ci, Inna."

"To, gobe nemo amalanke."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Iya Hajo, ya kai ladan kabarin Baba.