Sandunan da na sa aka cire a ginin ɗana

Shekarun baya, babban ɗana ya sayi fili a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya tada gini. Shi yana Yamai wurin aiki, ni ce a Maraɗi, sai ya ce in riƙa leƙawa. Ya ɗauki injiniya, wani Kirista ɗan Tibiri mai sanyin magana. Shi ya zana gidan, shi ke duba magina. Duk zuwan da zai yi sai ya buɗe littafi ya rubuta abin da ya gani da abin da ya hana, babban magini ya sa hannu. Ni da ban san baƙi ba, na ɗauka iyayi ne.

To, aka zuba rufin siminti, wanda suke ce wa dal, aka tokare shi da sanduna ta ƙasa. Injiniya ya ce sati uku, ko sanda guda kada a taɓa.

Ana cikin haka surukata, wadda ke zaune wajena, ta haihu. Dangi za su zo suna daga Jiratawa, gidana kuwa ɗaki biyu ne. Hujjar da na ba kaina ke nan. Gaskiyar magana, so nake su ga gidan ɗana.

Na je na ce wa maginin ya kwashe sandunan falo. Ya ce sai da izinin injiniya. Na ce ai mun yi magana, ya yarda. Ba mu yi ba. Amma wa zai dubi furfurata ya ce ƙarya nake?

Aka yi suna, mata suka cika falon da goyonsu, ina ta shiga ina fita ana yi mani barka. Kwana biyu bayan nan rufin ya lotsa, ya tsage daga wannan bango zuwa wancan, daidai inda suka zauna.

Ɗana ya taso daga Yamai ransa a ɓace. Ya tara mu a ginin, ya ce sai ya kai injiniya gaban shari'a, ba zai ƙara samun aiki a garin nan ba. Bawan Allah bai ɗaga murya ba, ya buɗe littafinsa ya nuna inda ya hana, ga sa hannun magini. Magini ya ce shi dai Hajiya ce ta kawo masa saƙon an yarda.

Ɗana ya juya wajen injiniya ya ce, "Kai ka faɗa wa Inna haka?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ban tuna mun yi wannan magana da Inna ba."

Ya sani sarai. Ya gwammace a tafi ana shakkarsa da ya ƙaryata tsohuwa gaban ɗanta. Har ɗana ya fara cewa wanda bai tuna ba ai ya faɗa ke nan. Sannan na ce, "Bai faɗa ba. Ni ce."

Aka fasa rufin aka sake zubawa, kuma injiniyan nan ne ya ƙarasa ginin. Ɗana bai taɓa tada mani zancen ba.

Tun ran nan na gane kalma guda ta mai gida tana iya rushe sunan da mutum ya yi shekaru yana ginawa. Har yau in injiniyan ya gan ni a hanya sai ya sauka daga babur ya durƙusa ya gaishe ni. Da zagina ya yi, da tuni na warke.