Furen da Iro Ya Hana Ruwa

A shekarar 2013 Kalilu ya fara haɗuwa da Iro, ranar wata Juma'a, a ƙofar wani masallaci a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur. Iro mutumin Malumfashi ne, ɗan manomi. Kwalejin da ta kawo shi Kuala Lumpur ta rufe, bizarsa ta mutu, zama ya gagara, komawa ta gagara. Kalilu bai yi masa dogon bincike ba, ya shimfiɗa masa katifa a falo. Nan Iro ya zauna, yana tuƙa wa ɗalibai tuwo, ba ya tsallaka babban titi don gudun masu duba takardu.

Shi ma Kalilu a ɗaure yake. Digirinsa na uku a kan maganin da ke cikin furen albasar kwaɗi ne, farin furen nan da ke fitowa a gida da ruwan fari. Ya zo da kawunanta goma sha biyu ya dasa a tukwane, yana ba su ruwa safe da yamma. Ganye kam ya yi kyau, fure babu. Malaminsa kuwa ya ce in ba fure, ba kammalawa.

Kowace Asabar sai Kalilu da Iro su hau tudun Bukit Gasing ta bayan gidaje, ko za su dace da danginta a daji. Su dawo da gumi da cizon sauro.

Wata rana suna hutawa Iro ya ce, "Dakta, yaushe rabon ƙasar nan da rani?"

"Kai dai riƙe mini jaka, Sarkin Noma."

Iro dai ya san a gonar babansa sai albasar ta sha rani take fure. Da suka koma ya tone kawuna uku, ya naɗe a jarida, ya ɓoye a saman firji inda ɗumi yake. Kalilu ya ga tukwane uku wayam, ya ɗora wa ɓeraye laifi. Wata biyar cur kawunan ba su ga ɗigon ruwa ba, sannan Iro ya mayar da su ƙasa ya kwarara musu bokiti guda.

A kwana na tara Kalilu ya buɗe ƙofar baranda ya tarar da furanni farare tas. Ya daɗe a tsugune. Iro na kicin da muciya a hannu, bai ko leƙo ba.

Kalilu ya koma gida a 2017. Iro ya ɗaukar masa jaka har bakin babban titi, ya juya.