Mutumin da Ya Wanke 'Yata da Biro da Guntun Kwali

Kafin masu manyan shaguna su zo da makullansu, shi ya riga ya share gaban teburinsa. Teburin yana ƙarƙashin matattakalar bene, a ƙarshen layin masu gyaran waya, inda ruwan kwata ke bi in an yi ruwan sama. Zai jona ƙarfen narka dalma, ya goge tabarau da gefen riga, ya jera kayan kwance waya a kan tsohon tawul. Daga nan sai ya sunkuya. Shekara ashirin da biyu ke nan yana sunkuye a wurin, hayaƙin dalma na shiga idonsa. Jiya ya naɗe tawul ɗin, ya ce idon ya daina ganin ƙananan abubuwa. Ya ɗauki jakarsa ya fita, kuma a duk layin nan ba wanda ya tashi daga kujera ya raka shi bakin titi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, raina a ɓace.

Sha-Shida suke ce masa, kuma da tsiya suka raɗa masa sunan. Kowace waya tana da lambar da aka yi ta da ita, wadda ba ta raba da wata. Shi ya fahimtar da ni cewa a irin wayoyin da yake gyarawa, lambar nan iri biyu ake rubuta ta. Akwai ƙirgen da muka sani, na goma-goma. Akwai kuma na sha shida-sha shida, wanda in an wuce tara sai a ari harafi: A ta tsaya wa goma, B sha ɗaya, har zuwa F, sha biyar. Lamba ɗaya ce, riga ta sauya. Shi yana juya wannan ta koma waccan da hannu, a bayan kwali. Samarin layin sukan bi ta gabansa suna cewa, "Sha-Shida, yau F nawa ka ci?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Ni da ni ne, da tuni na fasa bakin wani.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san abin da idona ya gani.

'Yata ta biyu tela ce, rumfarta na bayan layin nan. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, da keken ɗinki take riƙe su. Ta sayi waya ta hannu, aka ba ta rasit, ta ninke ta ajiye. Wata rana da hantsi wani mai sayar da takalma, wanda tasa wayar ta ɓace kwana biyu kafin nan, ya hango irin tasa a hannunta. Bai tambaya ba. Ya finciki mayafinta a tsakiyar kasuwa yana ihu, "Ɓarauniya! Ga ta nan!" Kafin labari ya iso ni, an ja ta zuwa ofishin 'yan kasuwa, kuma mata biyu sun je rumfarta sun kwashe yadinsu. Tela da aka kira ɓarauniya, wa zai ƙara bar mata yadi? A ranar abincin jikokina ake shirin yankewa.

Na tarar da ita a tsaye jikin bango. Ta ce, "Baba, wallahi saya na yi. Ga takardata."

Shugaban kasuwa ya karɓi rasit, sakatare ya cire batir ya duba lambar da ke manne a cikin wayar. Ta rasit goma sha takwas ce, duk lambobi. Ta cikin waya goma sha huɗu, da haruffa a ciki. Shugaba ya tafa hannu ya ce, "To, ai magana ta ƙare." Shi kuwa mai takalma ba wanda ya ce ya kawo tasa takardar. Shi babban mutum ne, bakinsa ya isa shaida.

Don a ce an yi adalci, aka kira wani mai babban shago da suke ce wa Injiniya, mai fitilu kala-kala a ƙofa. Ya shigo yana kaɗa makullin mota. Ya ce ya san wannan, ƙaramin abu ne. Ya zuba duk haruffan nan goma sha huɗu cikin kalkuleta gaba ɗaya, ya danna. Lamba goma sha bakwai ta fito, kuma ba ta yi daidai da ta rasit ba. Ya juya ya dubi 'yata sama da ƙasa, ya ce, "Hajiya, ki faɗi gaskiya ki huta. Wannan takardar ta wata wayar ce." Aka ce a kira 'yan sanda.

A nan ne Sha-Shida ya shigo. Ba wanda ya aika masa. Ya bar waya a kwance a teburinsa, ya zo da biro a kunne da guntun kwalin caja a hannu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni in gani."

Injiniya ya yi dariya. "Baba, inji ya riga ya yi magana. Kai da kwali za ka ƙaryata inji?"

Ya ce, "Inji bai yi ƙarya ba, ɗana. Abin da ka ba shi ya dafa maka. Ba a zuba ta a dunƙule. Raba ta ake yi."

Ya kwafe lambar a kwali, ya ja layi bayan ta takwas. Takwas na farko ya juya su daban, suka ba da lamba goma. Shida na ƙarshe ya juya su daban, suka ba da biyar kawai. Injiniya ya ce, "Ka gani? Ba ta cika ba." Sha-Shida bai ko ɗago kai ba. Ya ce gurbin nan na takwas ne, in ba ta cika ba sifili ake sa mata a gaba. Ya rubuta sifili uku. Hannunsa na tafiya a hankali, hancinsa kusan a kan kwalin, don tun a lokacin idon ya fara.

Sai ya ce wa sakatare, "Riƙe rasit. Ni zan karanta, kai ka bi da yatsa."

Biyu. Shida. Takwas. Huɗu. Yana faɗa sakatare na cewa "E". Har goma sha takwas, ba wadda ta kauce. A ta ƙarshe 'yata ta sulale ƙasa ta rufe fuska da mayafin da aka yaga mata.

Kun san abin da shugaba ya ce? "To, a yi haƙuri, kowa ya koma bakin sana'arsa." Shi ke nan. Mai takalma ya zame ta ƙofar baya. Injiniya ya ce kalkuletarsa ce ta samu matsala. Mutum arba'in suka taru don ganin an kunyata mace, amma da za a wanke ta, ba a samu huɗun da za su zaga kasuwa su faɗa ba. Sha-Shida ne ya rufe teburinsa da rana tsaka, ya bi rumfa-rumfa da kwalin nan yana nuna wa mutane, har gidan matan da suka kwashe yadinsu. Washegari suka mayar mata da yadin.

Ba 'yata kaɗai ba ce. Mai gadin ƙofa ya gaya mini sau nawa ake kawo masa waya a ce ya goge lambarta ya sa wata, ya tura musu abinsu ya ce su bar masa tebur. Direbobi sun gaya mini yadda yake cika musu takardar rajistar layi in kamfani ya nemi lambar a ƙirgen goma, su kuwa ta haruffa ke hannunsu. Duk wannan an sani. Amma da ƙungiyar masu gyaran waya ta tashi raba takardun yabo bara, masu fitilu a ƙofa aka kira. Kunya ba ta kama ku ba?

Malam Sha-Shida, kai ne ka tsaya ran da masu manyan riguna suka zauna. Kai ne mai awo ba ha'inci. Ba ka san ni ba a lokacin, ba ka haɗa komai da 'yata ba, ka dai ƙi yarda a hallaka mutum a kan lissafin da aka yi ba daidai ba. Na gode. Jikokina sun gode. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samarin layi, yana nan da ransa, gidansa ba nisa. Ku je ku durƙusa ya koya muku tun bakinsa na magana. Wanda girman kai ya hana shi zuwa, to ya koyi kalma uku, ba su da wuya: "Ban sani ba." Da Injiniya ya faɗe su ran nan, da ba a kai ga kiran 'yan sanda a kan 'yata ba. Shi kuma mai takalma, na san zai ji an karanta wannan. Rumfar tela tana nan inda ya san ta, tana buɗewa ƙarfe takwas. A tsakiyar kasuwa ka kira ta ɓarauniya, a tsakiyar kasuwa nake jiran ka ba ta haƙuri.